Magini Yana Koyon Tsayuwa

Shekara arba'in ina bisa katanga,
tubali a hannu, laka har gwiwa.
Na bi sorayen Birni kamar ƙadangare,
ban taɓa duban ƙasa don tsoro ba.
Sai ga shi bara, daren wata Laraba,
dokin ƙofar makewayi,
wanda ni na gina shi da hannuna,
tsayinsa ko taƙi bai kai ba,
ya yar da ni kamar buhun gero.

Buta ta yi gabas, takalmi ya yi yamma.
Na kwanta ina kallon taurari,
ina jin Dubu tana salati daga ɗaki.

A asibiti wata yarinya, Barira,
na girmi ubanta nesa ba kusa ba,
ta ce: Baba Nomau, ƙashi lafiya lau,
ƙafa ce ta mance karatunta.
Na ce: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
Ta ce: ba tanƙwara ka za mu yi ba,
miƙe ka muke so.

Kama bayan kujera, in ji ta,
ɗaga ta hagu, ƙirga goma.
Na yi dariya. Ni? Goma?
Ban kai uku ba ƙasa ta yi lilo,
bango ya matso, ya sake komawa.
Ashe tsufa ba ya sallama,
ta tafin ƙafa yake shigowa.

Yanzu kullum in na dawo daga asuba
ina jan layi da gawayi a tsakar gida,
daga randa zuwa gindin dogon yaro.
Diddige gaban yatsa,
yatsa bayan diddige,
ido a gaba, ban da kallon ƙasa.
Ni da kan rufe ido ɗaya
in ce wa yara bangon nan ya karkace,
yau ni ne bangon.

Sai zauna, tashi, ba dafa cinya,
sau biyar,
gwiwa tana kuka kamar tsohon ƙyaure.
Sai tafiyar kaguwa, gefe-gefe,
tafi ɗaya a jikin bango.
Sai ɗage bisa yatsu
kamar mai leƙen gidan maƙwabci.

Ma'azu, jikana, shi ke ƙirga.
Ɗan banza, in ya ga ina rawa
sai ya ja bakwai kamar mai kiran salla.
Dubu kuwa tana bakin murhu tana cewa:
tsoho ya koma zalɓe!
Shekaranjiya na fito ba zato,
na iske ta riƙe da turmi,
ƙafa ɗaya a sama, leɓe yana motsi.
Na yi tari, na koma ɗaki.
Ban gani ba, ba ta yi ba.

Da la'asar nakan zauna a ƙofar gida
in dubi duwatsun Damagaram,
wani bisa wani, ba laka, ba siminti.
Tun ina yaro nake jiran su gangaro,
har gemu ya yi fari suna nan.
Duk ginin da na yi ban gane sirrinsu ba
sai da na tsaya da ƙafa ɗaya:
kowane nauyi yana da wurin zamansa,
nemo shi ne aikin.

Ba na roƙon in sake hawan soro.
In ɗauki butata da kaina,
in ƙetare kwata ba mai riƙe ni,
in je Kasuwar Dole in yi cinikin goro,
in dawo da ƙafar da ta kai ni.

Jiya na kai tara.
Ma'azu ya rantse takwas ne.
Gawayi ya goge, akuya ta bi ta kai.
Gobe da asuba sai a sake ja.